Wane kart mai wifi ya dace da shambar firwad, ESP32 ko Pico W? Ku taimaka

Ɗan Talladje

Salamu alaikum jama'a, ya zafi. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba da ƙananan kart ɗin nan masu wifi, wato ƴan allunan kwamfuta irin su ESP32 da Pico W, amma bari in fara da abin da ya kawo ta don ku gane inda na dosa.

Kawuna yana da shambar firwad guda, wato ɗakin sanyi, da injin ƙanƙara nan Yamai, mata masu kifi da wasu mahauta ke kawo kaya yana ajiye musu suna biya. To sati uku da suka wuce, daren lahadi wato asabar da dare, kuran ya ɗauke, grup, wato janareta, ya tashi lafiya lau, amma wajen sauyin nan rele termik, wato abin da ke yanke wa kompiresa (injin sanyin) wuta in ya ja fiye da ƙarfinsa, ya faɗi. Mai gadi yana jin rurin grup, fitilu na ci, ya ce alhamdulillahi ya koma kan tabarmarsa. Kuran ya dawo da asuba, kompiresa dai yana kwance tunda sai an danna masa da hannu yake tashi, mu kuma lahadi ba mu buɗewa sai la'asar. Da aka buɗe ƙofa ruwa ne ke bin ƙasa, kifin wata baiwar Allah duk ya saki jiki, tana tsaye sai salati take. Kawu ya biya, ba ma kuɗin ba, abin da ya fi yi masa ciwo biyu daga cikin mahautan sun kwashe kayansu sun koma wani wuri. Tun ranar tsohon nan ba ya barci, ƙarfe uku na dare sai ya buga ma mai gadi waya ya ce je ka karanto mini lambar da ke jikin kofre, wato akwatin wutar injin.

Ni na ɗan taɓa wani kart irin wannan, Arduino, lokacin ina lise, shi ne ya ce tunda kullum ina cikin wayoyi da fer ɗin sudir in haɗa masa abin da zai gaya masa a waya in ɗakin ya fara ɗumi. Wani kamfani ya zo ya duba ya ba mu dabi, wato lissafin kuɗin sa otomat (kwamfutar sarrafa inji) da ekaran, kawu ya karanta ya ninke takardar ya sa aljihu bai ce uffan ba.

Abin da nake so in san sanyin ɗakin, in san kompiresa na juyawa ko ya tsaya, in san kan kuran muke ko kan grup, in kuma zai yiwu in ya faɗi mu iya tada shi daga waya ba sai an zo ba. Ina da ESP8266 guda a akwati, na ga wasu na yabon ESP32 wasu kuma Pico W. Wanne zan ɗauka, kuma zai jure wurin aiki irin wannan ko kayan wasan ɗalibai ne kawai?

Bachir_Harobanda

Wa alaikum salam abokina, ESP32 kawai kar ma ka tsaya dogon tunani. ESP8266 ɗin naka ba laifi amma tsoho ne, tun 2014 yake, ƙafar analog ɗaya tal gare shi kuma ƙafafun da za ka iya amfani da su kaɗan ne, da ka sa kaptar uku, wato na'urorin awo, ka fara ƙirga yatsu. ESP32 ya fito 2016 daga kamfani guda, Espressif na Shanghai, ƙwaƙwalwa biyu gare shi har 240 MHz, ga wifi ga Bluetooth, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka ya rubuta maganinta a intanet. Pico W ma yana da kyau, 2022 ya fito kan dala 6 ta Amurka, in kana son rubuta kod da yaren MicroPython yana da daɗin hannu, amma nan garin ESP32 ya fi sauƙin samu kuma in ya ƙone ka samu wani wajen ƴan uwa ɗalibai kafin magariba. Na sayi nawa jika shidda wajen wani da ke kawowa daga Kano.

Kaptar ka sa DS18B20 mai kan ƙarfe da doguwar waya, yana auna daga -55 har 125, rezistansi 4.7k guda tsakanin data da 3.3V shi ke nan. Saƙo ka yi bot na Telegram. Tada kompiresa kuma rele modil ɗin nan shuɗi na 5V ka sa, dare ɗaya ka gama wallahi

Malam Mai Foraj, Tawa

Ɗana sannu da hasara, Allah shi mayar ma kawunka da alheri. Ni ba injiniya ba ne, gyaran pompo da pano nike nan Tawa da garake na masu albasa wajen Galmi da Badagishiri, amma kart ɗin ga na ƙona su da hannuna sun fi biyat, to ka saurara.

Maganar Bachir kan ESP32 gaskiya ce, shi nike sawa ni ma. Amma maganarshi ta ƙarshe kar ka ɗauke ta. Rele termik ba don wasa yaka hwaɗuwa ba, in ya hwaɗi akwai dalili, ko faz guda cikin layukan wuta ukku ta ɓace, ko tansiyon ya yi ƙasa, ko kompiresa na jan abin da ya hi ƙarhinshi. An yi shi sai da hannu don mutum shi zo shi duba da idonshi. Kai kana kwance gida ƙarfe ukku na dare ka latsa waya ka tada shi bisa faz biyu, kafin ka juya bobinaj, wato naɗin wayar cikin injin, ya toye, sannan kawunka zai gane kihi ba shi ne mai tsada ba. Bar kart shi zama mai gadi na biyu, shi gani shi yi kuwwa, hannu kuwa na mutum ne.

Abu na biyu, araha ba ta ado. Kart na jika shidda ne, amma ba shi ke mutuwa da hwari ba, abin da ke ba shi wuta ne. Na hwarko da na sa ma wani alhaji bisa foraj, da sharjar waya na ba shi wuta, irin na bakin hanya. Bisa tebur sati guda shina aiki ba ko tari. Da munka kai shi cikin kofre, duk sanda kontaktar, wato makunnin da ke ba inji wuta, ta kama, kas, sai kart shi mutu shi taso. Na zargi kod, na zargi kart, na canza biyu, ashe wutar ce ke nutsewa, ga kuma tartsatsin bobin shina bin waya. Shi ESP32 in zai yi magana da wifi yakan fizgi wuta farat ɗaya, ana son abin da zai iya ba shi 500 mA ba gardama, sharjar banza kuwa rubutun jikinta daban aikinta daban. Yanzu abin da nike yi, batir 12V 7Ah irin na ondilar, da ɗan sharjar mai kyau, sannan LM2596 shi sauko da ita 5V, da kondansatar babba dab da kart. Ka ga ko kuran ya tahi ko grup ya ƙi tashi, kart na da rai shi gaya maka. In ka ɗauko wutarshi daga layin da shike gadi, ranar da layin ya mutu tare za su mutu, wa zai kai labari?

Kar ka sa batir litiyom 18650 cikin kofre na ƙarhe da rana ke duka. Ba a son a caja su sama da digiri 45, mu kuwa watan Afrilu da Mayu inuwa ma takan kai nan, balle cikin akwatin ƙarhe. Na taɓa buɗe wani da azahar sai da na sa rawani na riƙe murhin. Shi modil ɗin an rubuta har 85 shina jurewa, amma kondansatar da roba da batir ba su karanta takardar ba.

Sai ƙwari. Kar ka yi dariya. Tsaka da ƙadangare suna son ɗumin regilatar, kiyashi na shiga ta hudar da allura ba ta shiga, ga ƙurar hunturu tana kwanciya bisa kart, damana ta zo da raɓa ta zama laka. Wata rana anka kira ni wai na'ura ta haukace tana aiko saƙo ba tsayawa, na yi tahiyar kilomita arba'in bisa moto, na tarar da tsaka ta bushe a miƙe bisa ƙahwahun kart. Ka sayi kofre na roba IP65, wanda ke tsare ƙura da ruwa, wayoyi su shiga ta ƙasa da abin matsewa, ka toshe sauran huda. Kuma wayoyin nan masu launi na tsirawa, na gwaji ne, girgizar kompiresa za ta zare su ɗaya ɗaya. Ka yi sudir ko ka sa borniye, abin matse waya mai ƙusa.

Bachir_Harobanda

Baba Malam na karɓi gyara, ban yi tunanin faz ba sam. Mu a labo babu tsaka shi ya sa

Hadiza_24V

Ƙanena ni aikina kenan, mentenansi a wata masana'anta nan zon endistiriyel, otomat muke amfani da shi wajen injuna amma na sa ESP32 wurare uku don sa ido kawai, kuma suna nan suna aiki. Baba Malam ya gama magana kan wuta da zafi, ni bari in taɓa inda na ga za ka yi tuntuɓe.

Na farko kar ka kusanto da 220 ko 380 kusa da kart, ba ka ma buƙata. Buɗe kofre ɗin, bayan ka kashe disjonktar don Allah, ka duba jikin rele termik za ka ga lambobi 95-96 da 97-98. Ita 95-96 tana cikin layin kumandi, kar ka taɓa ta. 97-98 yawanci a banza take, a buɗe take sai ranar da termik ya faɗi ta rufe. Wato abin da ya cinye kifin nan yana da bakin da zai faɗa tun daren, ba wanda ya sa masa kunne ne kawai. Kontak sek ne, ba wuta a kai, ka auna da miltimeta ka tabbatar kafin ka ɗaura. Haka kontaktar tana da 13-14, in an riga an yi amfani da ita sai ka ƙara ɗan bulok na taimako a kanta. Kuran da grup kuma ƙaramin rele mai bobin 220 ɗaya kowane ɓangare, ka ɗauki kontak ɗinsu. Dukansu ka bi da su ta optokuplar PC817, ɗan abin da ke raba wutar layin da ta kart, da 12V ɗin batir, kar ka ja doguwar waya kai tsaye zuwa ƙafar kart, 3.3V ce, waya mai tsawo kusa da kebul ɗin kompiresa eriya ce, za ta kwaso maka ƙarya.

Wajen zaɓen ƙafafu ka kiyaye, GPIO 6 zuwa 11 na flash ne, wato ma'ajiyar kod, ba a taɓawa, 34 zuwa 39 shiga kawai suke, 0 da 2 da 12 da 15 kuma kart na duba su lokacin tashi, in ka ɗaura wani abu da ya ja 12 sama zai iya ƙin tashi gaba ɗaya ka yi ta zagin mai sayarwa a banza. In wata rana za ka auna analog, ka sani rukunin ƙafafun awo da ake kira ADC2 ba ya aiki in wifi na kunne, kuma awon ESP32 ɗin ma ba miƙaƙƙe ba ne wajen farko da ƙarshe. Kaptar na masana'anta mai 4-20 mA ni modil ɗin awo ADS1115 nake sa masa da rezistansi 150, ya ba ni 0.6 zuwa 3V. Ka kuma leƙa bayan regilatar ɗin sanyi da ke jikin kofre, wasu suna da layin sadarwa RS485, in naku na da shi da modil guda za ka karanto komai ta Modbus, yaren nan tun 1979 yake kuma har gobe shi injuna ke ji.

Kart ɗin a waje zai zauna, kaptar kawai ke shiga. Bangon shambar firwad ƙarfe ne ciki da waje, wifi ba ya ratsa shi, kofre na ƙarfe ma haka, kuma ESP32 da muka saba 2.4 GHz kawai yake ji.

Amma babbar maganata ita ce shiru. Yadda ka tsara, in akwai matsala saƙo ya zo, in babu saƙo lafiya kenan. To ranar da forfe ya ƙare fa, ko bokis ɗin wifi ya mutu da kuran, ko kart ya daskare? Shiru za ku ji, kawu ya yi barcinsa da murmushi, ka ga ka sake ƙera mai gadin nan da ya ji rurin grup ya koma tabarma. Dole kart ya riƙa cewa ina nan, kuma a samu wanda zai lura in ya daina. MQTT, wani tsarin aika saƙo tsakanin na'urori, na da wannan, tun 1999 aka ƙirƙiro shi don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan adam, inda layi ke da tsada kuma yana yankewa, kamar don mu aka yi. Akwai abin da ni nake kira wasiyya, kart na haɗuwa da sabar sai ya bar saƙo ya ce in kun ji ni shiru ku sanar na mutu, sabar ce ke aikawa ba shi ba. In wannan ya yi maka nisa yanzu, ko SMS ɗaya safe ɗaya dare a lokaci sananne, kawu ya san in bai gani ba bayan isha'i akwai magana. Ka kunna watchdog kuma, in kod ya maƙale kart ya tada kansa.

Ɗan Talladje

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba Malam na janye maganar tadawa daga waya, dama kawu da na gaya masa cewa ya yi shi bai yarda waya ta taɓa masa inji ba. Yaya Hadiza yau na buɗe kofre na ga 97-98 ɗin nan zaune ba ko waya a kai, sai da na ji kunya. Regilatar ɗinmu ba shi da RS485. Wifi ɗin wurin kuma na ofis ne, kan kuran yake kuma yaran gida ke cinye forfe da bidiyo, to ina ga SIM zan sa. Modil ɗin SIM800L ya isa? Shi na gani da araha.

Malam Mai Foraj, Tawa

Ya isa in SMS kake so, shi nike sawa garake inda ba wifi ba komi. Amma ɗan banzan ci gare shi, in zai kama rezo shina fizgar har 2A na ɗan lokaci, kuma wutarshi tsakanin 3.4 da 4.4 take, 5V ta yi mishi yawa 3.3 ta yi mishi kaɗan. In ka ɗauko daga ƙahwar kart ba zai taɓa kama rezo ba, hitila za ta yi ta ƙibtawa kamar mai ciwon ido. Ba shi LM2596 nashi daban ka daidaita 4V, waya gajera mai kauri, kondansatar 1000 ko hiye a bakinshi. Kuma 2G kawai shike ji. Kafin ka sayi SIM ka tsaya daidai inda kofre zai zauna da ƙaramar waya mai maɓalli, ka gwada Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, wadda ta cika sanduna a nan ita za ka ɗauka, ba wadda ke cikin aljihunka ba. Ka rubuta ranar sa kuɗi jikin murhi da marka, kuma ka cire PIN. Ni na taɓa kwana biyu ina neman abin da ya ɓaci ashe PIN ne, kar ka gaya ma kowa.

Wata dabara, ban da SMS ka sa shi shi buga kira. Tsoho ba ya jin ƙarar saƙo cikin barci, kira kuwa sai ya tashi.

Hadiza_24V

Baba Malam dabarar kira ta yi wallahi, zan sata. In kuɗi sun samu daga baya ka koma A7670 ko SIM7600 masu 4G, amma fara da abin da ke hannu. Ka sa jiniya ko ƙararrawa 12V a ɗakin mai gadi ma, ita ba ruwanta da rezo.

Ɗan Talladje

Na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. ESP32 na sa, batir da kofre na roba da borniye na samo Katako, in ka haɗa kuɗinsu sun ninka na kart sau biyar ko fi, Baba Malam ka yi gaskiya. Na gwada 97-98 da maɓallin tes na termik, cikin minti ɗaya wayar kawu ta yi ƙara, ya dube ni ya dubi wayar ya ce to ashe karatun bai tafi a banza ba.

Amma ga sabuwa. Dare uku a jere kart yana tada kawu kusan lokaci guda wai zafi ya hau, a zo a duba a tarar komai lafiya, bayan rabin awa ya koma daidai da kansa. Jiya kuma sau ɗaya ya aiko 85, shekaranjiya -127. Kawu ya fara cewa gara mai gadi, shi aƙalla ba ya ƙarya da dare. Kaptar ɗin jabu ne ko me?

Hadiza_24V

Hahaha ƙanena ina ka rataye kaptar ɗin, gaban evaporatar, inda iskar sanyi ke fitowa, ko? Degivraj ne, injin da kansa yake tsayawa bayan ƴan awoyi ya ɗumama don ƙanƙarar da ta taru jikinsa ta narke, iskar wurin sai ta hau, kaya kuwa ba abin da ya same su. Matsar da shi tsakiyar ɗaki nesa da ƙofa da fanka, ko ka tsoma kansa cikin ƴar kwalba mai glikol don ya bi sanyin kaya ba na iska ba, sannan a kod kar ya yi kira sai zafin ya zauna sama da iyaka minti talatin ko arba'in a jere. Termik kuwa nan take, wannan ba jira.

85 ɗin nan lambar da DS18B20 ke tashi da ita ce kafin ya yi awo, wato wutarsa ta ɗan yanke ko ka karanta da wuri. -127 kuma laburaren kod ɗin da ke karanta shi ne ke cewa bai ga kaptar ba sam. Duka biyun waya ce, duba haɗin da ka yi inda ta ratsa bango, na san skoc ka naɗa kuma raɓa ta shiga. Mita nawa ne tsawonta, kuma tare da kebul ɗin fanka ka bi da ita?

Ɗan Talladje

Mita tara. Eh skoc ne, kuma eh cikin gulot guda, wato bututun waya, suke da na fanka. Gobe bayan azahar in an rage kaya zan zare ta in sake bi da ita ta ɗaya bangon.